Tun Yaushe Ƙafar Kyamara ta Zama Kayan Araha?

A shekarar 1838 Louis Daguerre ya saita akwatinsa na ɗaukar hoto ta tagar wani bene a birnin Paris, ya fuskantar da shi titin Boulevard du Temple, ya bar haske yana shiga na tsawon mintuna. Titi ne da ba ya rabuwa da jama'a da kekunan doki, amma da hoton ya fito sai aka ga wuri wayam. Duk abin da ke motsi bai samu zama a kan farantin ba. Wanda ya fito sosai shi ne wani mutum da ya tsaya a bakin titi, ƙafa ɗaya a ɗage, ana goge masa takalmi, shi ma don ya daɗe bai gusa ba ne. Tun daga nan masu sana'ar suka gane cewa idan mai wucewa ya motsa shi kaɗai zai ɓace, idan kuwa akwatin ne ya motsa, to hoton gaba ɗaya ya tashi aiki.

Shi ya sa mai hoton wancan zamani bai taɓa zama yana lissafin ko ya sayi tiraifod ko ya haƙura ba. Ƙafafun nan uku da ake ɗora kyamara a kansu rabin sana'ar ne. Ba ma masu hoto ne suka ƙirƙiro su ba, a hannun safiyo suka same su, domin masu awon ƙasa sun daɗe suna kafa na'urorinsu a kan katako uku masu tsinin ƙarfe a gindi. Dalilin ukun kuwa duk wadda ta taɓa girki a murhu ta san shi: duwatsu uku suna riƙe tukunya komai tudu da kwarin wurin, alhali tebur mai ƙafa huɗu sai an yi masa ciko kafin ya daina rawa.

Nauyi bai dami kowa ba a lokacin. Bayan Frederick Scott Archer ya fito da hanyar jiƙaƙƙen gilashi a 1851, lokacin ɗauka ya ragu ya koma daƙiƙoƙi, sai dai dole a shafa wa gilashin magani, a ɗauka, a wanke, duk kafin ya bushe. Wato ɗakin duhu sai ya bi mai hoto duk inda ya sa gaba. Roger Fenton, da ya je ɗaukar yaƙin Kirimiya a 1855, keken doki guda ya cika da kwalabe da gilasai da akwatuna. Wanda ya ɗauko irin wannan kaya ba zai tsaya ƙorafin katako uku ba. A situdiyo kuwa har wanda za a ɗauka sai an tokare masa ƙeya da wani ƙarfe don kada kansa ya karkace. Akwai kafinta gwani akwai na banza, kamar kowane zamani, amma tiraifod da ba ya riƙe kyamara ba shi da kasuwa. A ranar farko asirinsa zai tonu, kuma mai sayen ɗan sana'a ne da abincinsa ke kan wannan katako.

Wannan yanayi ya daɗe a Afirka ta Yamma fiye da yadda ya daɗe a Turai. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, da babbar kyamara mai fim na santimita 13 da 18 yake aiki, da hasken rana a tsakar gida, kuma yawanci sau ɗaya yake ɗaukar mutum saboda tsadar fim. Wanda damarsa ɗaya ce tak ba ya wasa da abin da kyamararsa ke zaune a kai. A garuruwanmu ma dattawa suna tuna masu hoton nan-take da ke zama kusa da kotu ko gidan waya, da akwatin katako a kan ƙafafu uku da baƙin ƙyalle yana lilo a bayansa. Mai hoto zai ce maka kada ka motsa, ya cire murfin gilashi, ya ƙirga a zuci, ya mayar, sannan ya zura hannu ya wanke hoton a cikin akwatin. Ƙafafun galibi aikin kafintan gari ne. Noti ya saki a ɗaure, katako ya tsage a sake wani. Kada ma a ɗauka katako tsohon yayi ne: kamfanin Berlebach na Jamus, wanda aka kafa a 1898, har yau tiraifod na katako yake yi, kuma masu kallon taurari suna saye, saboda katako yana shanye girgiza da wuri fiye da bututun ƙarfe.

Abin da ya sauya lissafi a cikin kyamarar ya faru, ba a ƙafafunta ba. A 1871 Richard Maddox ya bayyana hanyar busasshen faranti, aka yi ta inganta shi har ɗauka ta koma ƙiftawar ido. A 1888 George Eastman ya fito da Kodak, ƙaramin akwati da ake riƙewa a hannu, da fim na hoto 100 a ciki, a kan dala 25. A 1900 aka fito da Brownie a kan dala ɗaya, har yara suka shiga ɗaukar hoto. Zuwa 1925, da Leica ta shiga kasuwa, ɗan jarida yana iya sa kyamararsa a aljihun kwat. Tiraifod ya tashi daga dole ya koma ganin dama.

A ganina a nan ne aka haifi tiraifod na araha. Sabon mai saye ba ɗan sana'a ba ne. Magidanci ne da ke son ya shiga cikin hoton iyalinsa, ko ya ɗauki fitilun gari da dare, sau biyu ko uku a shekara. Abin da yake nema shi ne wanda zai shiga jaka, ba nauyi, ba tsada. Masana'antu suka ba shi abin da ya nema: siraran ƙafafu na tagulla masu shigewa cikin juna, gaɓa-gaɓa, ta ƙarshen ba ta fi fensir kauri ba. Yana riƙe ƙaramin akwati idan ba iska. Idan hoton ya fito dishi-dishi kuma, mai shi kansa yake zargi, ko ya zargi kyamara, ba ya tunanin ƙafafun. Ka ga an samu kayan da za a iya sayarwa ko da ba ya aikin da aka yi shi dominsa, kuma wannan kasuwa ba ta mutu ba har gobe.

Abu ɗaya ne bai canza ba a duk wannan tafiya, shi ne ɗan ramin nan da ke gindin kyamara. Sukurun da ke shiga cikinsa kaurinsa kwatan inci ne, da tiredi 20 a kowane inci, manyan kaya kuma suna amfani da mai kashi 3 cikin 8 na inci. Daga baya hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta rubuta shi a matsayin ƙa'ida mai lamba ISO 1222. Saboda haka tiraifod da aka ƙera a shekarun 1960 zai ɗauki kyamarar da ta fito bana ba tare da an ƙara masa komai ba. Duba jakar mai hoto ka gani ko akwai wani abu mai irin wannan tsawon rai. Batir yana canzawa, katin ajiya yana canzawa, bakin lens ma kamfanoni suna canza shi su bar mutane da tsofaffin gilasai. Wanda ke kasafin kuɗinsa ya kamata ya sa wannan a lissafi, amma yawanci akasin haka ake yi: a zuba komai a kyamarar da za ta tsufa cikin 'yan shekaru, a sayi ƙafarta da canjin da ya rage.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu alminiyam ya wadata, da masu iya sarrafa shi, sai ya ture katako. A 1946 wasu 'yan'uwa biyu, 'yan gidan Marchioni a jihar New Jersey ta Amurka, suka fara ƙera Tiltall, wanda ingancinsa ya sa kamfanin Leitz, masu Leica, ya karɓi yin sa a 1973. A Faransa, Gitzo, wanda Arsène Gitzhoven ya kafa a 1917 yana yin ƙananan kayan kyamara, ya shiga yin tiraifod a shekarun 1950. A garin Bassano del Grappa na Italiya kuwa wani ɗan jarida mai ɗaukar hoto, Lino Manfrotto, ya gaji da nauyin kayan situdiyo ya fara ƙera sandunan fitila da kansa, ya fito da tiraifod ɗinsa na farko a 1974. Manfrotto ne ya cike gurbin da ke tsakani, wato kaya mai ƙwari da ɗan sana'a mai matsakaicin ƙarfi zai iya saya. Abin lura, wani kamfanin Ingila guda ɗaya ya saye Manfrotto a 1989, ya saye Gitzo a 1992, daga baya ya haɗa da Sachtler da O'Connor. Manyan sunayen da ake gani kamar suna gasa a kanti, da yawansu gida ɗaya suke kwana.

Masu fim nasu labarin daban ne, kuma wani yankinsa a kogin Neja ya faru. A 1946 zuwa 1947 Jean Rouch da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi kogin a kwalekwale tun daga mafarinsa har teku, da kyamarar Bell & Howell mai fim na milimita 16. Labarin da aka sha bayarwa shi ne tun tafiya ba ta yi nisa ba ya rasa tiraifod ɗinsa a wurin da ruwa ke gudu a kan duwatsu. Sai ya ci gaba da ɗauka da hannu, har ya ɗauki farautar dorina ta Sarkawa a wajen Ayorou. Wannan salo ya zama tambarinsa, ya kuma yi tasiri a kan matasan masu fim na Faransa. Wasu sukan kafa hujja da shi su ce gwani ba ya buƙatar tiraifod. Sun manta cewa Rouch a cikin jirgin ruwa yake yana bin mafarauta, kuma kyamararsa ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi take tsayawa sai an sake wana ta. Ba jawabin uban amarya na minti 20 yake ɗauka ba.

A shekarar 1946 ɗin nan dai, a birnin Sydney na Ostireliya, wani injiniya mai suna Robert Eric Miller ya yi rajistar abin da ya fi komai muhimmanci ga mai bidiyo, wato kan tiraifod mai ruwa a ciki. Dabarar ita ce a sa wani mai mai kauri tsakanin faifan ƙarfe, ta yadda idan ka tura hannun kyamara man zai riƙa tirjewa daidai gwargwado, motsin ya fara a hankali, ya tafi sumul, ya tsaya ba tare da fizga ba. A Amurka Chadwell O'Connor, mai sha'awar ɗaukar jiragen ƙasa, ya ƙera irin nasa a 1949, Walt Disney ya gan shi yana aiki da shi ya ba shi oda. Daga nan kuɗin tiraifod na fim ya koma kai, ƙafafu suka zama 'yan rakiya.

Wannan shi ne darasin da masu fim ɗin Hausa suka koya da gumi. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a Kano a 1990, masana'antar da kyamarar kaset ta fara, da jari kaɗan. Duk wanda ya kalli finafinan shekarun farko ya san wannan fizgar da hoto ke yi idan kyamara ta juya tana bin jarumi, da ɗan komawa baya da take yi bayan ta tsaya. Ba laifin hannun mai ɗauka ba ne kullum. Kan araha ne, wanda aka rubuta masa sunan mai ruwa alhali giris ne kawai aka shafa tsakanin roba biyu. Da sanyin safiyar hunturu ya yi tauri, da zafin azahar na bazara ya saki. Har yau ana sayar da irinsa, kuma a bidiyon biki za ka gane shi tun kafin amarya ta ƙarasa shigowa.

A 1994 Gitzo ya fito da Mountaineer, tiraifod na farko da aka yi da zaren kabon. Ya fi alminiyam sauƙin ɗauka, ba ya ƙona hannu idan ya sha rana, yana kuma kashe girgiza da wuri. Tun daga nan kabon ya zama abin da kowane mai hoto ke buri. Amma a duba abin da kuɗin ke saya. A 2019 kamfanin Peak Design ya tara sama da dala miliyan 12 daga masu saye tun kafin ya fara ƙera tiraifod ɗinsa na tafiye-tafiye. Iri biyu ya yi, siffa ɗaya, tsayi ɗaya: na alminiyam dala 350, na kabon dala 600. Bambancin nauyinsu bai kai giram 300 ba. Wanda zai yini yana tafiya a ƙasa a dajin Gashaka Gumti da kaya a baya, wataƙila wannan ragi ya cancanci dala 250 a wurinsa. Wanda Keke Napep zai sauke a ƙofar zauren biki, kafaɗarsa ya saya wa hutu na taku hamsin, hotonsa kuwa ba wanda zai ga bambanci.

Babban sauyin da aka samu daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau daga Sin ya zo. Kamfanoni irin su Benro da Sirui, a birnin Zhongshan na lardin Guangdong, sun fara da kwaikwayon fasalin Turawa, suka ƙware, suka koma fitar da nasu. Suka kuma rungumi farantin Arca-Swiss, wannan ɗan ƙarfe mai gefe a karkace da ake ɗaura wa kyamara don a ɗora ta a sauke cikin sauri, har ya zama kusan kowa shi yake bi, farantin wannan kamfani ya shiga kan wancan. Kayan tsakiya suka yi kyau ƙwarai, suka kuma sauko. Wanda har yanzu yake cewa duk kayan Sin jabu ne bai riƙe na kirkinsu a hannu ba.

Sai dai ta wannan ƙofa ɗin ne kuma na can ƙasa ya yi ambaliya. Kowa ya san shi, shi ne wanda ake haɗa maka kyauta idan ka sayi kyamara. Ƙafafu na alminiyam marar kauri da za ka iya lotsawa da yatsa, 'yan sanduna uku da suka haɗa su da sandar tsakiya, da ɗan hannu da ake wanawa ta hau sama. Kan roba ne, kuma a manne yake, ba ya cirewa. Ka saita hoto daidai, ka ɗaure, ka saki hannu, sai ka ga bakin lens ya sunkuya kaɗan, kan mutum ya fita daga hoton. Sai ka koyi saitawa sama da inda kake so don ya faɗo daidai. Makullan ƙafafun ma roba ne, rana ta gasa su, ƙurar hunturu ta shiga, wata rana ɗaya ya tsage, kuma babu inda ake sayar da madadinsa. Daga nan sai ɗauri da robar tayar keke da salatif. A kwalinsa an rubuta yana ɗaukar kilo kaza, amma babu wata ƙa'ida da ta tilasta wa kamfanoni hanyar auna wannan, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa. Tsayin da aka rubuta kuma har da sandar tsakiya a miƙe, alhali da zarar ka miƙe ta kyamararka ta koma kan ƙafa ɗaya.

An sha yi wa tiraifod jana'iza. A 1995 Canon ya fito da lens mai gyara rawar hannu, daga baya aka sa dabarar a cikin kyamarar kanta, sannan gimbal, wato na'urar da ke daidaita kyamara a hannu, ya zo. Duk da haka ana ta sayar da ƙafafu uku, kuma wayar hannu ce ta jawo. Shiga masallaci lokacin tafsirin azumi ka ga wayoyi a jere gaban malam, kowace a kan sandarta. Ga mai sayar da atamfa da leshi a Instagram, ga 'yan TikTok da fitilarsu mai zobe, ga malamin da ke koyarwa ta intanet. A nan dole a yi wa na araha adalci. Wayar da ba ta wuce giram 200 ba, a cikin ɗaki, ba iska, ba juyawa, ba ta buƙatar abin da ya fi shi, kuma wanda ya kashe kuɗi mai yawa a kan wannan aiki ɓarna ya yi. Matsalar tana farawa ne ranar da mai wayar ya samu ci gaba, ya sayi kyamara da dogon lens, ya ɗora su a kan sandar da aka yi don waya, ya fita filin hawan sallah inda dawaki ke girgiza ƙasa jama'a suna turereniya. Ranar da ƙafa ɗaya ta zame, abin da ya yi tattali a tiraifod ba zai biya ko kuɗin duba lens ɗin a wurin mai gyara ba.

Mujallun ƙasashen waje sukan ce ka sayi mafi tsada sau ɗaya ka huta. Shawara ce mai sauƙin bayarwa ga wanda ake biya da dala. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, kuma duk waɗannan kaya daga waje suke zuwa. Matashin da ke ɗaukar biki a Zariya ko Gusau ba zai sayi Gitzo ba, kuma ba ya buƙata. Abin da tarihin nan ya bar masa shi ne tsofaffin alminiyam na kamfanonin kirki, na hannu, masu ƙoƙewar fenti, waɗanda kowane noti nasu ana kwance shi da sifana, a wanke yashi, a sa giris, a mayar. Irin wannan ya fi sabo dal na roba nesa ba kusa ba, ko da ya fi shi nauyi da kilo guda. A nemi wanda kansa ke cirewa, don in hali ya samu a canza kan kawai. A fifita mai gaɓa uku a kan mai biyar, domin kowace gaɓa wurin rawa ce. Mai bidiyo kuma ya sa mafi yawan kuɗinsa a kai, ya haƙura da ƙafafu masu nauyi.

In za ka saya, tafi da kyamararka da lens ɗinka mafi tsawo. Miƙe ƙafafun duka, ka bar sandar tsakiya a ƙasa, ka kama saman da hannu biyu ka murɗa kamar za ka juya shi, ka ji ko gaɓoɓin suna bayarwa. Ɗora kyamarar, ka jawo wani rubutu da ke nesa, ka ɗaure, ka saki, ka ga ko ya sunkuya. Ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa ka duba allon ka ga tsawon lokacin da hoton zai yi yana rawa. In na bidiyo ne, juya shi a hankali daga hagu zuwa dama ka saki hannu. In mai kanti ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ka yi masa sallama ka shiga kanti na gaba.